Hannu sittin da ɗaya ranar majigi, mutum uku ranar Lahadi

Yohanna: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Akwai abin da yake cin raina tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi zaure ko zan samu mai warware mini. A watan Fabrairu zumuntar matasanmu ta fita bishara wani ƙauye a kudancin Katsina, can gefen Malumfashi. Kwana uku muka yi. Mun tafi da janareta da lasifika, muka nuna majigin rayuwar Yesu da Hausa a ƙofar gidan mai unguwa. Wuri ya cika maƙil, har daga ƙauyukan kusa an zo. Da aka kai wurin gicciye, na ga tsofaffin mata suna share hawaye da gefen zane. Bayan an gama shugabanmu ya ce duk mai son karɓar Yesu ya ɗaga hannu. Ni da kaina na ƙirga, hannu sittin da ɗaya. Muka rubuta sunaye, muka dawo gida muna waƙa, aka ba da rahoto a coci aka yi ta tafi. Lahadin da ta wuce na koma, bayan wata huɗu. Mutum uku na tarar a rumfar da muka kafa: tsohuwa ɗaya, da yara biyu da nake kyautata zaton biskit suka zo nema. Sauran na bi su gida-gida, kowa ya tarbe ni hannu bibbiyu, aka dama fura, amma da na kawo maganar sujada sai "to, sai mun zo". Tambayata ita ce: ƙarya suka yi mana ran nan, ko mu ne ba mu iya ba?

Bitrus: Ɗan'uwa amsarka tana Matiyu 13, misalin mai shuka da irinsa ya faɗi a ƙasa iri huɗu. Irin da ya faɗi a kan dutse ne, ya tsiro da wuri, rana ta fito ya bushe. Kai ka yi naka. Ubangiji ma cewa ya yi garin da bai karɓe ku ba ku karkaɗe ƙurar ƙafarku ku yi gaba.

Mama Rifkatu: Bitrus, garin da ya dama wa baƙo fura har sau biyu ne za ka ce bai karɓe shi ba? Ka bi a hankali da wannan ayar.

Baba Iliya: Yohanna ɗana, sannu da aiki, Ubangiji ya ba da lada. Ni jikana ne yake rubuta mini, ina faɗa yana bugawa, sai ku yi haƙuri da tsawon magana. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin mai bishara a ƙauyukan nan da kake faɗa, da keke, kafin ƙafa ta gaza.

Ba su yi maka ƙarya ba. Kai ne ba ka ji abin da suka ce ba. Bahaushe yana da "i", yana da "a'a", yana kuma da "to". Wannan "to" ɗin ba alkawari ba ce. Ma'anarta na ji ka, na girmama ka, ba zan kunyata ka a gaban jama'a ba. Kun zo daga birni, kun ƙona manku, kun nuna musu abin kallo kyauta a ƙofar mai unguwa, shi mai unguwar yana zaune a kujera. Sannan baƙo ya roƙi alfarma guda, wai a ɗaga hannu. Wane mara kunya ne zai hana baƙo hannu? Ko da cewa kuka yi wa yake son a gyara rijiya, hannun nan sittin da ɗaya za ka ƙirga.

Na biyu, yaushe ka koma? Yuni. Ruwa ya sauka, kowa yana gona, mai shuka na shuka, mai noman farko na yi. Ka je da hantsi ka ce mutum ya ajiye fartanya ya zo rumfa ya zauna. Ba a gaya maka ba ne? A zamaninmu da damina sujadar sababbin wuri da dare muke yi, da fitilar ƙwai, bayan an ci tuwo.

Ita kuma tsohuwar nan da ka ambata a gurguje kamar ba kowa ba, ka tambayi sunanta?

Yohanna: Baba, gaskiya ban tambaya ba. Kunya ta kama ni yanzu.

Baba Iliya: To ka gani. Wata huɗu tana zuwa rumfar da babu mai wa'azi a cikinta. Kai kana neman sittin da ɗaya, ga ɗaya a zaune ba ka gan ta ba.

Bitrus: Baba da girmanka, amma kar mu mai da komai al'ada. Maganar Allah tana da iko. Ranar Fentikos mutum dubu uku suka tuba a yini ɗaya, ba wanda ya ce "to" ɗin kunya ce.

Fasto Dauda: Bitrus, ka ci gaba da karatu a littafin da ka ɗauko. Waɗanda suka ji Bitrus mai sunanka ran nan Yahudawa ne masu ibada, sun san Attaura da Zabura, sun zo idi Urushalima. Gona ce da aka daɗe da yi wa sharar gona. Ka je sura ta 17 ta Ayyukan Manzannin ka ga Bulus a Atina, inda ba su san komai a kan annabawa ba. Da ya kawo maganar tashin matattu jama'a ta rabu uku: wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce sai mun sake jin ka a kan wannan, kaɗan suka ba da gaskiya. Wannan kashi na biyun, su ne masu "to, sai mun zo" na Yohanna. Littafin bai kira su maƙaryata ba, bai kuma ƙirga su cikin masu bi ba. Mu ne muke gaggawar rubuta su a rahoto don a tafa mana.

Kuma ina da ƙorafi a kan rahoton nan namu. Duk fitar bishara sai an dawo da lamba. Da a ce duk lambobin da na ji ana karantawa a tarurruka tun ina ɗalibi gaskiya ne, da yanzu babu wurin tsayawa a majami'un ƙasar Hausa.

Talatu: Fasto ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in ba ku labarin gidanmu, don ni jikar Maguzawa ce ta uwa ta uba, daga kudancin Kano. Kakana yana da kan gida, wato tsafin gida, duk shekara sai an yanka masa, in ciwo ya shigo gida a nemo mai bori, a ce iska kaza ce tana son baƙin akuya ko jan zakara. Mai bishara ya yi shekara bakwai yana zuwa gidanmu. Bakwai fa. Kakana yana ba shi tabarma, yana sauraronsa, in ya tafi ya ce mutumin kirki ne amma maganarsa ta yara ce. Abin da ya juya shi, babana ne ya kwanta ciwo yana yaro, aka yi yankan duniya har awakin gida suka ƙare. Mai bisharar nan ya goya shi a keke zuwa asibitin mishan, ya kwana huɗu a gindin gadonsa. Da yaro ya tashi kakana bai ce ya tuba ba. Cewa ya yi a kai yaron makarantarsu. Shi kansa sai bayan wasu shekaru ya fito da kayan tsafin ya ce a ƙona, kuma har ya mutu ba a yi masa baftisma ba, saboda matansa uku ya ƙi sakin ko ɗaya. Ya ce wadda ta haifa masa 'ya'ya ba zai kore ta don ya shiga ruwa ba.

To ku gaya mini, a wace shekara za a rubuta shi a rahoto? Kuma a wane irin ƙasa yake cikin huɗun nan na Matiyu 13? Mu jikokinsa yau mun fi arba'in, akwai fastoci biyu.

Mama Rifkatu: Allah ya ji ƙan Baba. Irin wannan labarin ya fi a ƙirga a wajenmu.

Fasto Dauda: Talatu, maganar mata fiye da ɗaya ta daɗe tana tare ƙofa. Cocin Angilika a babban taron bishop-bishop ɗinta na Lambeth na 1888 ta yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba sai ya rage saura ɗaya. Sai a taron 1988, bayan shekara ɗari cif, suka sassauta: wanda bishara ta same shi da matansa za a iya yi masa baftisma, da sharaɗin ba zai ƙara ba, kuma ba za a tilasta masa sakin kowa ba. Sauran ikilisiyoyi kowa da nata tsarin har yau. Ka duba dattawa nawa suka tsaya a bakin ƙofa cikin shekarun nan ɗari, suna tura 'ya'yansu ciki.

Bitrus: Amma doka doka ce Fasto. In an buɗe wannan ƙofar gobe matasa za su ce su ma.

Talatu: Ba wanda ya ce a buɗe wa matasa. Ana maganar wanda haske ya tarar da shi a haka. Yaya Bitrus kai a gidan masu bi aka haife ka, ba ka taɓa biyan ko kwabo don sunan Yesu ba. Wanda ake gaya wa ya ɗaga hannu a ƙauye lissafi yake yi: wa zai ba ɗana mata, wa zai zo mini gayya, in na mutu wa zai binne ni, kuma a ina. Matarsa tana lissafin ko iyayenta za su zo su ɗauke ta. Ba taurin zuciya ba ne kullum. Wani lokacin mutum ya fi ka fahimtar nauyin abin da kake kiransa gare shi, shi ya sa yake jan ƙafa.

Malama Lami: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni 'yar Wusasa ce, kuma tarihi nake koyarwa, bari in ɗan ja ku baya don Yohanna ya san ba a kansa aka fara ba.

A 1893 mutum uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Daga ƙungiyar mishan da suka fara, wato SIM, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A 1900 Bishop Tugwell na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika, ya kai tawagarsa har Kano, da Likita Walter Miller a cikinta. Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari, suka juyo. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, yana magani, yana da makaranta, fadawa da malamai suna zuwa hira. Amma masu bi? Da yatsu ake ƙirga su shekara da shekaru.

Abin da ya sauya lamarin ba daga wa'azinsa ya fito ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, ya tara almajirai, aka kashe shi a kan haka. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi wajen Ningi. Babu Bature ko ɗaya a cikin wannan labarin. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo da ƙafarsu wurin Miller suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira aka dawo da su Zariya. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawan nan yake. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa sai 1932 ya fito, shekara talatin da biyu bayan an kori su Tugwell daga Kano.

Abin da nake so ku lura da shi: waɗanda Miller ya bi da wa'azi yawancinsu sun tsaya a "to". Waɗanda suka karɓa da gaske, su suka biyo shi, da tambayar da kakanninsu suka bar musu.

Yohanna: Malama wallahi ban taɓa jin labarin Isawa ba, kuma a Zariya na yi karatu.

Mama Rifkatu: Yohanna ka bar rantsuwa, Ubangiji ya hana. 😄

Yohanna: Tuba nake Mama, bakin Bahaushe ne.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, Yohanna abokina ne tun firamare, shi ya sa ni a zauren nan lokacin hidimar bikinsa, na kuma ƙi fita saboda ina ƙaruwa. In an yarda zan faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, don na ga kuna ta tattauna mu ba ku tambaye mu ba.

Mai kula da zaure: Bismillah Malam Sani, zaure naka ne. Jama'a a kiyaye harshe.

Malam Sani: Na gode. Da farko, hawayen da Yohanna ya gani ba na munafunci ba ne. Musulmi ba baƙon Annabi Isa ba ne, alaihis salam. Imaninmu ba ya cika sai da shi. Akwai sura sukutum da sunan mahaifiyarsa, Suratu Maryam, mun yarda an haife shi ba uba, ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah, kuma zai dawo. Lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, ayoyin surar nan Ja'afar ya karanta wa Najjashi, sarki Kirista, ya ba su mafaka. Don haka in tsohuwa ta ga ana dukan wanda aka ce mata Annabi Isa ne, dole ta yi kuka.

Inda muke rabuwa wuri biyu ne, kuma gara ku san su sarai. Kalmar "Ɗan Allah": yaron da ya shiga makarantar allo, cikin surorin farko da yake haddacewa akwai Ƙulhuwallahu, wadda ta ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Da zarar mai wa'azi ya furta kalmar nan, kunnen ya rufe, duk abin da ya biyo baya iska ce. Na biyu gicciye, Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. To wanda ya ce muku a'a, ko ya ce "to" ya tafi, ba lallai ne bai gane ba. Sau da yawa ya gane, yana da nasa ilimin, ya zaɓa. Ni kaina na karanta Linjilar Luka daga farko har ƙarshe, Yohanna ne ya ba ni, akwai wuraren da suka taɓa ni ƙwarai, kuma ina nan a Musulmina. Ban ɗauki kaina dutse ko ƙaya ba.

Abu na ƙarshe, ku yi haƙuri. Rabon biskit da atamfa da magani a wurin wa'azi yana zubar muku da daraja a idonmu. Mutane suna cewa saye ake yi. Na san mu ma akwai masu yin irin wannan in sun je ƙauyukan Maguzawa, kuma ban ga kyansa a can ba.

Bitrus: Malam Sani, mu ba mu ce Allah ya yi aure ya haihu ba. Wannan fahimtar ku ce.

Malam Sani: Na sani, Yohanna ya yi mini wannan bayanin a ɗakinsa, ya ɗauke mu har tsakar dare. Amma a lasifika a ƙofar mai unguwa wa yake da lokacin wannan bayanin?

Fasto Dauda: Wannan tambayar ta fi duk abin da na rubuta a sama. Malam Sani mun gode. Bitrus, bangaskiyarmu a kan gicciye da tashi ba abin sassautawa ba ce, ba kuma wanda ya ce a ɓoye ta. Amma ka duba Nikodimu, a Linjilar Yohanna sura 3. Malami ne, da dare ya zo, da tambayoyi, ya tafi ba a ce ya ɗaga hannu ba. A sura 7 sai ga shi yana ɗan kare Yesu a majalisa, a sura 19 ya fito fili da kayan ƙamshi don jana'iza. Ubangiji bai sa masa lasifika ba.

Yusufu Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Maganar magani da Malam Sani ya kawo, mu nan mun ga iyakarta. SIM ta shigo Damagaram tun 1924, daga baya Tsibiri kusa da mu. Likitar Galmi an buɗe ta 1950, ga ta kutare a Danja. Babu gidan da za ka shiga a yankin nan ba ka samu wanda aka yi wa aiki a Galmi ba, har daga Najeriya ana zuwa. Ana wa'azi a can kowace safiya. Shekara saba'in da wani abu ke nan, amma Kiristocin Nijar har yau ba mu kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. In da magani yana sayen mutum, da tuni an saye ƙasar Adar da Gobir. Mutane suna karɓar maganin, su yi godiya ta gaskiya, su sa albarka, su koma gida su yi sallarsu. Mahaifina a lakwal, wato makarantar mishan, ya ji bishara, shi kaɗai ya karɓa cikin 'yan ɗakinsu, kuma sai da ya yi shekaru ba a cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya. Abin da ya dawo da zumunci, shi ya riƙe kakarmu da ta tsufa har ta rasu a hannunsa, ya kira malamai suka yi mata sutura yadda addininta ya ce.

Mama Rifkatu: Yusufu ka tuna mini. Ku maza kuna ta maganar wa'azi, ba wanda ya ambaci mata. A garinmu yawancin matan da suka shigo ikilisiya ba ta bakin mai wa'azi suka shigo ba. Zumuntar mata ce. An yi haihuwa mun je da ruwan zafi da itace, an yi rasuwa mun kwana, muna waƙoƙinmu da tulu da kacau-kacau. Mace ta yi shekara biyu tana bin mu tana amshi kafin ta san ma'anar abin da take rerawa. Wata rana sai ka ji ta ce a sa sunanta a ajin baftisma. Wasu kuma har abada ba za su ce ba, amma in ɗansu ya yi zazzaɓi da dare ƙofarmu suke bugawa a yi addu'a. Ni ban san sunan da zan ba wannan ba, na bar wa Mai sama.

Sannan wata magana, kar ran kowa ya ɓaci. Yohanna, wa ya yi wa'azi ran nan?

Yohanna: Shugaban matasanmu ne Mama. Ɗan kudancin Kaduna ne, yana jin Hausa sosai.

Mama Rifkatu: Yana jin Hausar coci. Ba laifinsa ba ne, Allah ya saka masa. Amma mutumin ƙauyen Katsina in ya ji ana ce wa mace "ka zo", ana cakuɗa Turanci, ga wando matsattse, ga ganga irin ta birni, abin da yake shiga ransa shi ne wannan addinin baƙi ne, na mutanen Sabon Gari. Mu Hausawa masu bi mun sha wannan ta gefe biyu. A gari a ce Bahaushe ba ya zama Kirista, a coci a tambaye ka yaushe ka tuba, alhali kakanka ne ya gina majami'ar garinku. Ka tafi da wanda zai tsuguna ya gaida dattawa yadda ake yi, ya san gaisuwar gona da ta rashin lafiya, ya ci tuwon dawa da miyar kuka ba ya yatsina fuska.

Luka: Mama wannan magana ta ɗan yi mana zafi mu 'yan kudancin Kaduna da Filato. Iyayenmu ne suka bar garuruwansu suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina da Sakkwato suna aikin bishara a kan albashin da bai kai ya kawo ba. Wasu a can aka binne su.

Mama Rifkatu: Luka ɗana, gaskiyarka. Wanda ya yi wa mahaifina baftisma ma mutumin Kagoro ne. Amma ka ji abin da ka faɗa da bakinka: suka zauna. Ya yi shekara ashirin a cikinmu har Hausarsa ta fi tawa. Ban ce asali ba, zama na ce.

Luka: To na fahimta Mama. A yafe ni.

Baba Iliya: Bari in ƙara ɗaya a kan misalin mai shuka, tunda Bitrus ya kawo shi, ni kuma manomi ne kafin in zama komai. Ƙasa huɗu aka ambata, hanya da dutse da ƙaya da ƙasa mai kyau. Duk manomi ya san gona ɗaya tana iya ƙunsar huɗun. Kuma fako ba ya zama fako har abada, in ka kai masa taki ka bar shanu suka kwana a kai, shekara uku sai ka ga dawa. A arewa kuma akwai abin da ake kira binne: a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a tafi a bar shi. Mai wucewa zai ce an yi asarar iri. Wani lokacin asarar ce kuwa, in ruwan ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke, iri ya ruɓe, sai an sake. Ni akwai garin da na yi shekara tara ban ga komai ba, na tashi da baƙin ciki. Akwai majami'a a wurin yanzu. Akwai kuma garin da na yi shekara shida, har yau babu ko mutum ɗaya, kuma mutanen kirki ne, in na je gobe za su yanka mini kaza. Ban san dalili ba, ban kuma yarda da wanda zai ce mini ya sani ba.

Bitrus: Baba na ji. Amma ni har yanzu ina ganin dole a ba mutum dama ya yanke shawara a take, don ba wanda ya san gobe.

Fasto Dauda: A ba shi dama, ban ƙi ba. Sai dai a faɗa masa abin da hannun yake nufi, kuma kar a yi a gaban mai unguwa da surukansa. A ce mai son ƙarin bayani ga inda muka sauka. Wanda ya biyo dare ya zo, shi ne za ka rubuta.

Talatu: Fasto ba ka amsa mini tambayata ba fa. Kakana, yana ciki ko yana waje?

Fasto Dauda: Talatu, ɓarawon da ke kan gicciye ma bai shiga ruwa ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan a rubuce. Sauran ki kira ni.

Yohanna: Na gode iyayena. Malam Sani, kai ma na gode, biskit ya ƙare daga yau. Ga abin da na yanke: ran Alhamis kasuwar yankin take ci, zan je ba janareta ba lasifika, in kwana biyu. Zan fara da gidan tsohuwar nan. Baba Iliya, in an samu mota za ka iya raka ni? Ko sau ɗaya ne, in ga yadda ake gaisuwar.

Baba Iliya: In gwiwa ta bari. Ka zo da fartanya, kar ka zo da takardar sunayen nan. Kuma ka sayi goro na mai unguwa.

Mama Rifkatu: Ku biyo ta gidana da safe, akwai ɗan daddawa da sabulu da za ku kai mata. Malam Sani kar ka ce saye ne, gaisuwar tsohuwa ce.

Malam Sani: Mama wannan ai zumunci ne, ba ni da ta cewa. Yohanna, motata tana nan ran Alhamis in kuna so, amma kai za ka zuba mai, kuma ku sauke ni a masallacin bakin kasuwa in azahar ta yi.